Haɗa Amfilifaya Mai Bawul Don Hedifon Ilektirostatik: Tambayoyi Da Amsoshi

Waɗannan su ne tambayoyin da suka fi fitowa daga bakin masu son haɗa amfilifaya da hannunsu don hedifon irin na Stax. An jero su kusan yadda aikin ke tafiya, daga zaɓen kaya zuwa kunnawar farko da cututtukan da ke biyo baya. Bawul a nan shi ne kwalbar gilashin nan mai ɗan jan haske a ciki, irin wadda ke cikin tsofaffin rediyo da talabijin.

Me ya bambanta hedifon ilektirostatik da wanda muka saba da shi?

Hedifon da kowa ya sani yana aiki ne da maganaɗisu da naɗin waya. Wannan kuwa ba shi da ko ɗaya. Abin da ke cikinsa tantani ne na roba, siriri ƙwarai, kaurinsa bai wuce maikiron 1 zuwa 2 ba, an shafa masa wani sinadari mai riƙe caji, an ɗame shi tsakanin farantai biyu masu ƙananan huji. Ana ba tantanin wuta tsayayya da ake kira bayas. Sautin kuma yana zuwa ta farantan: idan ƙarfin wutar ɗaya ya hau, na ɗayan sai ya sauka, wannan ya ja tantanin, wancan ya tura shi. Da yake tantanin kusan ba shi da nauyi, yana tashi nan take, yana tsayawa nan take, shi ya sa ake jin kowane ɗan motsi na kiɗa tangaran.

Kamfanin Stax na Japan, wanda aka kafa a 1938, shi ya fito da hedifon SR-1 kasuwa a 1960, kuma har yau soket ɗinsa da ma'aunin wutarsa ne akasarin masu haɗawa ke bi. Koss na Amurka da Sennheiser na Jamus su ma sun yi nasu, kowa da irin soket ɗinsa da bayas ɗinsa.

Ba zai yiwu in jona shi da amfilifayar da nake da ita ba?

Ba zai yi magana ba. Hedifon na yau da kullum bolt 1 ko 2 ya ishe shi. SR-009 na Stax kuwa yana buƙatar bolt 100 tsakanin farantansa kafin ya ba da sauti mai ƙarfin dB 101. Sauraro na hankali ba ya cin fiye da bolt 15 zuwa 20, amma idan ganga ta buga ko mawaƙi ya ɗaga murya, buƙatar takan haura bolt 150 cikin ƙiftawar ido. Don haka ake son amfilifayar ta iya fitar da bolt 300 ko fiye ba tare da ta shaƙe ba, ta kuma ninka siginar da ta shigo sau 500 zuwa 1000. Sannan kowane kunne yana da mafita biyu masu kishiyantar juna, ga kuma layin bayas. Amfilifayar lasifika ba ta da ko ɗaya daga cikin waɗannan.

To me ya sa bawul, alhali ga tiransista?

Domin aikin ya dace da halinsa. Bawul an yi shi ne don ƙarfin wuta (bolt) mai yawa da kwarara (amfiya) kaɗan, kuma abin da wannan hedifon ke nema ke nan. Shi ya sa ba a buƙatar taransifomar mafita, wadda ita ce mafi tsada da wahalar samu a amfilifayar lasifika mai bawul. Wani abin kuma, bawul yana da haƙuri. Idan aka yi masa lodi fiye da kima na 'yan daƙiƙu, yakan yi ja ya ba ka damar kashewa. Tiransista kuwa mutuwa take yi nan take, sau da yawa ta tafi da maƙwabtanta.

Wane irin haɗari ke cikin wannan aiki?

Haɗarin mutuwa, ba wani ɓoye-ɓoye. Yawancin zane-zanen suna da layin wuta biyu, ɗaya bolt 350 zuwa 400 sama da sifili, ɗaya haka nan ƙasa da sifili; layin sifilin nan, wanda ake jonawa da jikin akwati, shi ake kira ƙasa. Tsakaninsu akwai bolt 700 zuwa 800. Na'urorin kariya na gidaje an saita su su yanke wuta a miliamfiya (mA) 30 ne saboda abin da ya wuce haka yana iya rikita bugun zuciya, kuma wutar wannan akwati tana iya ba da ninkin wannan.

Abin da ya fi cin mutane shi ne kafasita, wato abin da ke ajiye caji. Ka zare filogi, bawul ya huce, ɗaki ya yi tsit, amma kafasita mai maikirofarad 220 tana nan riƙe da bolt 400, tana jiran yatsa. Dole kowace babbar kafasita ta samu rizistar zubar da caji a haɗe da ƙafafunta dindindin. Kilo-om 220 mai wat 3 za ta sauke wannan kafasita zuwa bolt 30 cikin minti biyu da 'yan kai. Duk da haka kada ka dogara da ita, domin rizista tana yankewa ba tare da wata alama ba. Mita ce kaɗai ke da ikon ce maka ka taɓa. Ka tanadi sandar zubar da caji, wato rizista mai kilo-om 22 da wat 5 da wayoyi masu rufi mai kauri, kuma ka sani cewa kafasitar da aka zubar takan sake tara 'yan bolt da kanta bayan ɗan lokaci.

Idan za ka auna wuta tana kunne, ka maƙala baƙar wayar mita a jikin ƙasa tun kafin ka kunna, ka riƙe jar da hannu ɗaya, ɗaya hannun a aljihu ko a bayanka. Ka cire zobe da agogo. Ka sa takalmin roba, kada ka tsaya a kan siminti ƙafa ba takalmi, musamman bayan alwala ko lokacin damina. Kada ka yi aikin kana gyangyaɗi, kada ka yi shi kai kaɗai a gida, kuma wanda ke tare da kai ya san inda makashin wuta yake. Yara kuma a rufe musu ƙofa.

Wanda bai taɓa haɗa komai ba, wannan ba wurin koyo ba ne. Ya fara da ƙaramar amfilifaya mai bolt 12, ya saba da dalma da mita tukuna.

Shi wanda ya sa hedifon a kai fa, wutar ba za ta ja shi ba?

Idan an haɗa daidai, a'a. Layin bayas yana bi ta rizista mai kimanin mega-om 5, saboda haka ko an taɓa shi kai tsaye abin da zai wuce bai fi mA 0.12 ba. A kowace mafita ta faranti kuma ana sa rizista mai kilo-om 5.1, kamar yadda Stax ke yi a nasu. Waɗannan rizistoci biyar ba kwalliya ba ne. Duk zanen da ka ga babu su, ka ƙara su ko ka bar zanen.

Da wane zane ya kamata in fara?

Da wanda mutane da yawa suka riga suka haɗa, suka rubuta ma'aunin wutar kowane lungu nasa. Wannan ya fi komai muhimmanci, domin ranar da abu ya ƙi, waɗannan lambobin ne za ka gwada naka da su. Zanen SRX, wanda asalinsa tsohon zanen Stax ne, yana amfani da bawul 12AT7 a gaba da bawul 6SN7 a mafita, kayansa kaɗan ne kuma ana iya bin sa da ido. KGST na Kevin Gilmore yana amfani da tiransista a gaba da bawul 6S4A a mafita. Blue Hawaii, shi ma na Gilmore, yana aiki da bawul EL34 guda huɗu, yana da tsada, yana da zafi, kuma ba na mai farawa ba ne. Haka nan kwaikwayon SRM-T2 da Stax ta fitar a 1994. Wannan sai wanda ya ƙware.

Shawarata ita ce ka haɗa zanen yadda yake, ba ƙari ba ragi, ya yi aiki, ka saurare shi wata guda. Gyare-gyaren son rai su biyo baya, ɗaya bayan ɗaya.

Wane bawul ne ya fi daɗin sauti?

Tambayar da ta kamata ita ce wanne ne zai jure wutar. A cikin bawul, hita ce ke ɗumama katod, wuta ta riƙa gudana tsakanin katod da anod, girid kuma ya riƙa sarrafa yawanta. A irin wannan amfilifaya anod ɗin bawul na mafita yana zaune kusa da sifili, katod ɗinsa kuma can ƙasa kusa da layin bolt 350 na ƙasa da sifili, don haka kusan dukkan wannan ƙarfi a kansa yake dare da rana. Tsohon 6SN7GT iyakarsa bolt 300 ne, bai dace ba ko da an ce maka na zamanin yaƙin duniya ne mai daraja. 6SN7GTA da GTB suna ɗaukar bolt 450, su ake nema. 6FQ7, wanda ake kuma kira 6CG7, shi Stax ta sa a amfilifayoyinta SRM-T1 da SRM-006t, amma iyakarsa bolt 330 ne, kullum a bakin gaɓa yake aiki. 6S4A yana kai wa bolt 550. Shi da 6FQ7 asalinsu bawul ɗin talabijin ne, an buga su da yawan gaske, shi ya sa kuɗinsu bai yi tashin gwauron zabo ba. EL34 yana ɗaukar bolt 800 da wat 25, amma hitarsa kaɗai tana cin amfiya 1.5.

Har yanzu ana ƙera sababbin bawul a Sulobakiya da Rasha da Sin. Kuɗin da za ka zuba a bawul mai suna, ka zuba shi a sashen ba da wuta. Can ne kunne zai fi jin bambanci. Abin da kawai ya cancanci ƙarin kuɗi shi ne a daidaita maka ɓangarori biyu na bawul mai tagwayen ɓangare, irin 6SN7, su yi kusa da juna.

Ina ta jin bayas 230 da 580. Wanne ne nawa?

Duba filogin. Tsofaffin Stax masu ƙafa shida bolt 230 suke so. Masu ƙafa biyar, waɗanda suka fara da SR-Lambda Professional a 1982, bolt 580 ne, domin an faɗaɗa tazarar da ke tsakanin tantani da faranti daga kimanin milimita 0.3 zuwa 0.5. Mai ƙafa biyar yana shiga soket mai rami shida, zai yi aiki sai dai muryarsa ta yi ƙasa. Mai ƙafa shida kuwa ba ya shiga soket mai rami biyar, kuma da gangan aka yi haka. Kada ka yi masa dabara, bolt 580 a kan tsohon tantani tartsatsi ne da huji. Koss ESP/950 bolt 600 yake amfani da shi, kuma sai da adafta.

Game da jerin ƙafafun soket, kada ka dogara da hoto kawai, domin wani an ɗauke shi ta gaba, wani ta bayan da ake liƙa dalma. Ka bi kowane rami da mita, ka rubuta sunansa a jikin akwati.

Rizista zan sa a kan anod ko da'irar tsayar da kwarara?

Ga lissafin. Hedifon da wayarsa kafasita ce mai kimanin pF 110. A sauti mai kaɗawa 1 kHz tsaurinta, wato yadda take hana wuta wucewa, ya kai mega-om 1.4, a 10 kHz ya sauko zuwa kilo-om 145. Idan ka sa rizista mai kilo-om 50 a kan kowane anod, to a tsakiyar sauti waɗannan rizistoci suna shanye fiye da ninki goma na abin da hedifon ke ci. Bawul yana ta wahala ne yana ɗumama rizista. Da'irar tsayar da kwarara, wadda ake haɗawa da tiransista 10M90S mai jure bolt 900, sau da yawa tare da tiransista DN2540 a ƙarƙashinsa, tana ba bawul abincinsa daidai ba tare da ta saci sigina ba. Sakamakon shi ne ƙarancin gurɓata da ƙarin sarari idan kiɗa ya yi ƙarfi.

Nawa za a ba kowane anod? Fitar da bolt 300 a 20 kHz cikin pF 110 yana neman kusan mA 6 a ƙololuwa. Saboda haka mA 7 mafari ne mai kyau ga 6SN7GTB: wat 2.45 ke nan a kowane ɓangare, wat 4.9 a kwalba ɗaya, alhali iyakarta 7.5. Ka tuna cewa bayan ƙarfe na 10M90S yana ɗauke da wuta. Idan za ka ɗaure shi a jikin ƙarfen sanyayawa, ka sa abin raba su na tangaran, ba siririyar roba ba.

Waɗanne kaya ne ba a yi musu arha?

Mita da farko. Ka nemi mai ɗaukar bolt 1000 na gaske, da wayoyinta masu wannan daraja. Mitar bolt 600 ba ta isa a auna tsakanin layukan biyu ba.

Sai rizistoci. Mutane suna duba wat su manta da bolt. Ƙaramar rizista mai kwata na wat iyakarta wajen bolt 250 ne, mai rabin wat wajen 350. Idan aka wuce haka ba lallai ta ƙone ba, sai dai ta riƙa canja daraja a hankali tana kawo ƙaras-ƙaras a kunne, ka yi ta zargin bawul. Inda wuta ta yi yawa, jera biyu ko uku a layi. Kafasitocin wuta su zama masu bolt 450 ko 500, masu jure zafin digiri 105, kuma daga hannun wanda aka amince da shi, domin jabu sun yi yawa. Wayar haɗi ta zama mai rufin Teflon ko silikon da aka rubuta mata bolt 600 ko 1000.

Dayod irin 1N4007 da UF4007, fiyus, dalma da makunni ana samun su a shagunan kayan lantarki na Sabon Gari a Kano ko Alaba a Legas. Bawul, soket ɗin Stax da 10M90S yawanci sai an yi oda daga waje. Taransifoma kuwa masu naɗin koyil na gida suna iya yin ta, muddin ka zauna da mai aikin ka nuna masa cewa rufin da ke tsakanin naɗi da naɗi sai ya jure fiye da bolt 1000.

Me ya sa zanen ya nuna naɗin hita daban-daban?

Domin tsakanin hita da katod akwai ɗan siririn rufi mai iyaka: bolt 200 a 6SN7GTB, bolt 90 a 12AT7. Katod ɗin mafita yana zaune wajen bolt 300 ko fiye ƙasa da sifili. Idan ka ba hitarsa bolt 6.3 daga naɗin da aka jona da ƙasa, rufin zai fashe, watakila ba yau ba, amma zai fashe. Bawul na mafita yana buƙatar naɗinsa na kansa, wanda aka jingina da layin da ke kusa da ƙarfin katod ɗinsa. Ma'ana, waɗannan wayoyin hita da kake gani kamar na bolt 6.3 ne kawai suna iya kashe mutum.

Na gama haɗawa. Yaya zan kunna karon farko?

Hedifon ya yi nesa da teburin. Ka kwana ɗaya, ka dawo da sabon ido, ka bi zanen layi-layi kana yi wa kowanne alama da biro. Ka duba fuskar kowace dayod da kowace kafasita. Ka auna tsakanin ƙafar ƙasa ta filogi da jikin akwati, ya zama ƙasa da om 1.

Sannan ka jera ƙwan fitila mai zare, na wat 60 ko 100, a layin wutar da ke shiga. Idan ka kunna, ƙwan zai yi haske na ɗan lokaci sannan ya dushe. Idan ya tsaya da haske sosai, akwai inda waya ta haɗe, kashe. Ka gwada sashen ba da wuta shi kaɗai da farko, da rizistoci a matsayin lodi. Idan layukan biyu da bayas sun fito daidai, ka kashe, ka zubar da caji, ka sa bawul, ka ba hita kaɗai ka ga kowanne ya yi haske. Bayan haka ne za a haɗa babbar wuta, ɓangare ɗaya tukuna, mitoci a maƙale tun kafin a kunna. Hancinka ma ma'auni ne: ƙaurin rizista yakan riga hayaƙi zuwa.

Yaya ake saita mafita?

Kowane kunne yana da abin murɗawa biyu. Na farko yana daidaita mafita biyun da juna: ka sa mita tsakaninsu ka murɗa har ta kusa sifili. Na biyu yana daidaita su da ƙasa: mita tsakanin mafita ɗaya da jikin akwati, shi ma zuwa sifili. Suna jan juna, sai an yi ta komawa. Ka yi saitin farko bayan minti goma, na ƙarshe bayan awa ɗaya da murfi a rufe, domin zafi yana matsar da lambobin. Sukudireban ya zama na roba ko tangaran. Kada ka wahalar da kanka neman sifili cif. Bolt 2 ko 3 ba komai ba ne a gaban 580. Abin damuwa shi ne lambar da ta ƙi saukowa daga gommai, ko wadda ke ta yawo ba ta tsayawa.

Mitata ta nuna bayas bolt 390 maimakon 580. Ya lalace ne?

Lafiyarsa ƙalau. Mitar tana da mega-om 10 a cikinta, kai kuma ka auna bayan rizista mai mega-om 5, sai suka raba wutar: kashi biyu cikin uku na 580 shi ne 387. Ka auna kafin rizistar. Idan ka ɗaga wutar don ramin soket ya nuna 580, ainihin bayas ya kai 870, kuma tantani ne zai biya.

Akwai gunji a kunne ko ba kiɗa. Daga ina?

Fara da gane muryarsa. Manhajar auna sauti ta waya za ta nuna maka ko 50 Hz ne ko 100 Hz. Na 100 daga sashen ba da wuta yake: kafasita ta yi kaɗan, ko ta tsufa, ko da'irar daidaita wuta ba ta samun isasshen rara. Na 50 yawanci hita ce, ko maganaɗisun taransifoma, ko wayar ƙasa da ta yi zobe.

Ka zare wayoyin shigar sauti, ka haɗe kowace mashiga da ƙasa. Idan gunjin ya ɓace, matsalar tana tsakanin amfilifaya da na'urar da ke ba ta sauti, sau da yawa kwamfuta. Idan yana nan, na cikin gida ne. Duba wayoyin hita: a murɗe su tamau, a kwantar da su jikin akwati, nesa da ƙafafun girid. Duba ƙasa: duk wayoyinta su haɗu a wuri ɗaya, kuma kwararar da ke tsakanin dayod da kafasita ta farko kada ta bi hanyar da sigina ke bi. Amfilifayar da ke ninka abu sau 1000 ba ta yafe sakaci. Milibolt 1 a gaba bolt 1 ne a kunne.

Akwai masu yanke wayar ƙasa ta filogi don gunji ya tafi. Yakan tafi, amma daga ranar akwatin ya zama tarko. Hanyar da ta dace ita ce a bar akwati jone da ƙasa kai tsaye, a raba shi da ƙasar sigina ta rizista mai om 10, da kafasita nF 100, da manyan dayod biyu, ɗaya na kallon gaba ɗaya na kallon baya, duka a jere gefe da gefe.

Kunne ɗaya ya fi ɗaya ƙarfi.

Musanya wayoyin shiga. Idan raunin ya koma ɗaya kunnen, laifin na'urar sauti ne. Idan bai koma ba, ka kashe, ka musanya bawul na hagu da na dama. Idan a ƙaramar murya kawai ake jin bambancin, abin murɗa murya ne, domin masu arha ba sa tafiya daidai a farkon zagayensu. Idan duk wannan bai nuna komai ba, saura hedifon. Zare shi, ka taɓa ƙafafun filoginsa gaba ɗaya da yatsa don cajin ya zube, ka bar shi ya kwana. Sau da yawa da safe ya daidaita. Wanda ke dawowa kullum, ko dai ƙura ta shiga, ko shafin tantanin ya tsufa.

Tsuwwa da ƙaras-ƙaras fa?

A nan yanayinmu yana da hannu. Duk abin da ke ɗauke da bolt 580 yana jan ƙura, kuma ƙurar hunturu ba ta da wurin da ba ta shiga. Ƙwaya ɗaya ko silin gashi tsakanin tantani da faranti ya isa ya kawo tsuwwa mai zuwa tana tafiya. Hedifon yana da siririn rufin kare ƙura. Kada ka hura masa iska, kada ka taɓa shi, kuma idan ka gama sauraro ka rufe shi cikin leda ko akwati. Da damina kuma danshi ne: yana haɗuwa da ragowar man dalma a bayan soket ya buɗe wa bayas hanyar zurarewa. Ka wanke allon da bayan soket da sinadarin isofurofil da tsohon buroshin haƙori, ka bari ya bushe sarai. Kada ka sa hedifon da jiƙaƙƙen kai.

Idan ƙarar tana tashi ne lokacin da ka ƙwanƙwasa akwati, ka bi bawul ɗaya-ɗaya da tsinken katako har ka samu mai amsawa. Wani lokaci ba shi ba ne, ramukan soket ɗinsa ne suka saki. Ƙarar da hedifon ke yi idan ka danna shi a kunne ko kana tauna kuwa, iska ce ta tura tantani ya taɓa faranti. Ba cuta ba ce, sai dai kada a mayar da shi wasa.

Anod ya yi ja, ko fiyus yana ta ƙonewa.

Kashe nan take. Jan anod yana nufin bawul yana shan kwarara fiye da ƙarfinsa, kuma dalilin kusan kullum girid ne ya rasa wutar da ke danne shi: kafasitar da ke tsakanin mataki da mataki tana yoyo, ko rizistar girid ta yanke, ko ƙafar soket ba ta kama ba. Fiyus mai ƙonewa a daidai lokacin kunnawa yana iya zama irin mai saurin yankewa ne aka sa inda ake son mai jinkiri. Mai ƙonewa bayan daƙiƙa goma sha, lokacin da bawul ya fara ɗumi, yana nuna laifin yana sashen sauti. Ko ta yaya, ba a ƙara girman fiyus, ba a kuma ɗaure shi da waya.

Ma'auni duk daidai ne, amma sautin yana da kaushi, ƙarfen sanyayawa kuma yana zafi fiye da kima.

Mai yiwuwa amfilifayar tana kaɗawa da kanta a can sama inda kunne ba ya ji. Wata alamar ita ce lambar mita ta canja idan ka kawo hannu kusa da waya. Maganin farko rizista ce mai om 100 zuwa 1000 a kan kowane girid da kowace ƙofar tiransista, a liƙa ta dab da ƙafar, ba can nesa ba. Ka gajarta wayoyi, ka raba na shiga da na fita. Don tabbatarwa sai da osiloskof, na'urar da ke nuna surar sigina a allo: ka sa kafasita pF 100 mai jure bolt 2000 a madadin hedifon, ka ba da sigina mai kusurwa huɗu ta 10 kHz, ka duba ko gefenta yana rawa. Ka yi amfani da sandar awo mai rage sigina sau 100. Kuma kada ka kuskura ka maƙala wayar ƙasa ta osiloskof a ɗaya daga cikin mafita biyun, dukkansu masu wuta ne.

Wutar garinmu tana hawa tana sauka. Za ta ɗauka?

Sai an shirya mata. A takarda wutar Najeriya da Nijar da Gana bolt 220 zuwa 230 ce a 50 Hz, amma kowa ya san abin da mita ke nunawa a zahiri. Idan layin bolt 350 ba shi da da'irar daidaitawa, wutar gari ta hau 250, shi ma ya hau 380, hita kuma ta wuce 6.8, rayuwar bawul ta ragu. Don haka ka daidaita manyan layukan biyu, ka sa sitabilaiza a gaba. Inbata ta zama mai tsaftatacciyar wuta, domin mai arha tana sa taransifoma kuka da zafi. Ka kuma sa rile, wato makunnin da wuta ke sarrafawa, mai riƙe kansa a mashigar wuta, yadda idan an ɗauke aka dawo da ita, amfilifayar ba za ta tashi ba sai ka danna da hannunka.

Zafin bazara ma abin lissafi ne. Ƙa'idar da aka sani ita ce kowane ƙarin digiri 10 yana raba rayuwar kafasita biyu, saboda haka ka huda akwati sama da ƙasa, ka nisanta kafasitoci da bawul. Wanda kuma ya sayo tsohuwar amfilifayar Stax daga Japan, ya duba bayanta kafin ya jona: wutar Japan bolt 100 ce.

Ba ni da halin wannan aiki yanzu. Akwai wata hanyar jin hedifon ɗina?

Akwai. A da Stax ta yi ƙananan akwatuna irin SRD-7, masu taransifoma biyu a ciki da da'irar bayas, ana jona su a bayan amfilifayar lasifika. Ana samun su na hannu da sauƙin kuɗi, kuma sautinsu ba abin rainawa ba ne. Ka lura dai cewa yawancin tsofaffin bolt 230 kawai suke bayarwa, sai ka nemi wanda ke da soket mai rami biyar idan hedifonka na 580 ne. Ka fara da murya a ƙasa ƙwarai, domin babbar amfilifaya ta bayan taransifoma tana iya tura wutar da ta fi ƙarfin tantani.